Me ke cikin manhajar jera ayyuka ta menfirem? Amsa ga mai shirin kama dutin dare

Wani ƙanena da ke zaune a Agege, bai daɗe da gama bautar ƙasa ba, ya turo min tambaya. An ɗauke shi aiki a wani kamfani da ke sa ido kan ayyukan dare na babbar kwamfutar nan da ake kira menfirem, an kuma ce ya je ya karanci shedula, wato manhajar da ke jera waɗannan ayyuka, kafin ranar Litinin. Ya ce: "Yaya, wai mene ne a cikinta, kuma me ya raba ta da cron ɗin da na sani a Linux?"

Ƙanena, barka da arziki, Allah ya sa albarka a ciki. Abu na farko da za ka riƙe shi ne, shedula ba ta gudanar da aiki ko ɗaya da kanta. Mutane da yawa sukan shekara a gaban allo ba su gane wannan ba, shi ya sa in abu ya lalace sai su yi ta tono a inda ba nan ɓarnar take ba. A kan z/OS, wato manhajar da ke tafiyar da menfirem ɗin IBM, kowane aiki ana rubuta shi ne da JCL, yaren da ya zo da zuriyar System/360 wadda IBM ta sanar a 1964. Har yau layinsa gurbi 80 ne, gadon katin da ake hudawa, sunan aiki kuma ba ya wuce harafi 8. Wanda ke karɓar aikin, ya sa shi a layi, ya ajiye abin da ya fitar, shi ne JES. Wanda za ka tarar kusan ko'ina JES2 ne, jikan HASP da ma'aikatan IBM suka ƙera a cibiyar NASA ta Houston a shekarun 1960. Ɗan'uwansa JES3 kuwa IBM ta daina haɗa shi daga z/OS 3.1 da ya fito a 2023. Daga layin JES sai wani sashen z/OS da ake kira inishiyeta ya ɗauki aikin ya gudanar, wani sashen kuma mai suna WLM ya yanke wa za a ba ƙarfin injin da yawa, wa zai jira.

To ina shedula a nan? Ka tuna direbobin tirelar da muke shan shayi da su a Ijora. Tun da hukumar tashoshin ruwa ta kawo tsarin Eto a 2021, ƙa'ida ita ce mota ba ta baro gareji ta nufi Apapa sai an kira ta. Tashar ce ke lodi, ba mai kiran ba. Shi mai kira aikinsa ya san wa ya cika takardunsa, wa ke gaba da wa, ko akwai wuri a ciki, sannan ya ce wane taso. Shedula mai kira ce. Tana riƙe da JCL ɗin a hannu har sharuɗɗa su cika, sai ta miƙa wa JES ta wata ƙofa da ake kira INTRDR, ta koma gefe tana sauraron labari.

Shi cron, mai tayar da ayyuka a Linux, agogo kawai ya sani. Ka ce masa ƙarfe biyu, ƙarfe biyu zai saki aiki, ko fayil ɗin da aikin zai karanta ya iso ko bai iso ba, ko na gabansa ya gama ko ya faɗi, ko yau ranar Sallah ce. A gidan da ake da ayyuka goma wannan ba laifi. A gidan da dubban ayyuka ke rataye da juna cikin dare ɗaya, kuma dole a gama kafin a buɗe CICS da safe, wato manhajar da masu kanta ke aiki da ita, su fara karɓar jama'a, agogo kaɗai ba ya isa.

Sunayen da za ka ji uku ne zuwa huɗu. Akwai ta IBM, wadda tsofaffin hannu har gobe suke kira OPC ko TWS, ko da yake yanzu sunanta IBM Z Workload Scheduler. Akwai CA 7, wadda asalinta UCC-7 ce, ta shiga hannun Computer Associates a 1987 lokacin da suka sayi Uccel, yanzu kuma tana ƙarƙashin Broadcom tun 2018. Akwai Control-M, da wani kamfanin Isra'ila, New Dimension Software, ya ƙera, BMC ta saye shi a 1999. Sai ESP, ita ma tana hannun Broadcom. Kada ka ɓata daren Asabar ɗinka wajen haddace bambancinsu. Kayan cikinsu iri ɗaya ne, suna ne kowa ya raɗa nasa. Kada kuma ka yi mamaki in abokanka da ke bankunan Marina da Victoria Island suka ce ba su taɓa ganin 3270 ba, wato baƙin allon da ake shiga menfirem da shi. Da yawa daga bankunanmu manhajojin banki irin su Finacle ko Flexcube ko T24 suke amfani da su a kan wasu injina dabam. Ni kaina menfirem ɗin da na yi shekaru ina yi wa gadi ban taɓa taɓa shi da hannu ba. Yana ƙasar waje wurin uwar kamfanin, mu muna Legas muna kula da ayyukan da suka shafi Najeriya.

Yanzu ga abin da nake so ka fi riƙewa. A cikin kowace shedula akwai abu uku da sabon shiga ke cakuɗawa: abin da aka rubuta a kundi, abin da aka ɗora wa yau, da abin da ya faru a zahiri.

Kundin shi ne rumbun da aka bayyana kowane aiki a cikinsa: sunansa, inda JCL ɗinsa yake, ranakun da yake tashi, wa yake jira, wa ke jiransa, wace lambar sakamako ce za a karɓa a matsayin nasara, wa za a kira in ya faɗi. Kundi ba ya motsi. Daga cikinsa ne ake ɗebo shirin yau. A ta IBM matakin biyu ne, akwai dogon shiri na makonni ko watanni masu zuwa, daga shi ake yanko shirin da ake ciki, galibi na awa 24. A Control-M akwai wani aiki da ke tashi sau ɗaya a rana a sa'ar da gidan ya zaɓa, ya share na jiya da suka gama, ya loda na sabuwar rana cikin fayil ɗin ayyuka masu rai. CA 7 kuwa leƙa kundin take yi lokaci bayan lokaci, ta kwaso waɗanda sa'arsu ta kusa ta zuba a layin masu jira, daga nan su wuce layin waɗanda suka shirya, sannan layin masu gudana.

Amfanin sanin wannan zai zo maka tun makon farko. Wani zai kira ka da ƙarfe goma na dare ya ce ya gyara aiki kaza a kundi, amma ga shi ya tashi da tsohon tsari. Bai yi ƙarya ba, ya gyara. Sai dai an riga an ɗebo shirin yau tun da rana, kwafin da ke cikinsa bai san an yi gyara ba. Haka kuma in ka gyara abu a shirin yau kaɗai, gobe zai dawo yadda yake, domin kundin bai ji labari ba.

Abin da ke gaya wa kundi yau wace rana ce shi ne kalanda, kuma a wurina babu sashen da aka fi rainawa alhali ya fi kowanne cizo. Ba a rubuta wa aiki kwanan wata ɗaya bayan ɗaya. Ƙa'ida ake ba shi: ranar aiki ta ƙarshe a wata, ko ranar aiki ta uku, ko kowace Juma'a amma in ta faɗa hutu a matso da shi baya. Duk waɗannan ƙa'idoji sun dogara da jerin ranakun hutu da wani ɗan Adam ya shigar da hannunsa. Wanda ke Ingila ko Amurka zai iya zama a watan Disamba ya cike kalandar shekara mai zuwa ya manta da ita. Mu ba mu da wannan gatan. Sai Sarkin Musulmi ya sanar da ganin wata, sai ma'aikatar cikin gida ta fitar da sanarwar hutu, wani lokaci saura kwana biyu ko uku. Ka tuna ƙaramar Sallar 2024: gwamnati ta ba da Talata 9 da Laraba 10 ga Afrilu, da azumi ya cika talatin sai aka ƙara Alhamis 11. Ga kowa wannan ƙarin kwana ne na yawon Sallah. Ga mai shedula kuwa, ranar aiki ta bakwai a watan ta tashi daga inda take, duk aikin da aka ɗaure da ƙidayar ranakun aiki ya gusa, ayyukan Alhamis da ke jiran fayil daga wasu bankuna za su zauna jiran abin da ba mai turowa. Kuma gyara kalandar kaɗai bai wadatar ba, sai an sake gina dogon shirin, in ba haka ba Alhamis ɗin tana nan a matsayin ranar aiki. A irin wannan ranar na taɓa barin tuwon Sallah a kan tabarma na koma ofis.

Ƙanwar wannan matsalar ita ce agogo. Legas ba ta sauya lokaci. Landan tana sauyawa a Lahadin ƙarshe ta Maris da Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Daga Maris zuwa Oktoba agogonmu ɗaya da nasu, sauran watannin muna gabansu da awa guda. In injin yana bin lokacin can, fayil kuma daga nan yake tashi, sau biyu a shekara tazarar da ke tsakaninsu tana canzawa ba wanda ya taɓa komai.

Daga kalanda sai sarƙar dogaro. Mafi sauƙinta, kada B ya tashi sai A ya gama lafiya. Ta IBM tana ɗaure aiki da na gabansa kai tsaye. Control-M alama take amfani da ita: A in ya gama sai ya kafa wata alama mai suna da kwanan wata, B kuma an ce masa ya jira wannan alamar. Ka lura da kwanan watan nan, domin nan ake zamewa. Alamar jiya ba ta buɗe ƙofar yau, sai in wani ya rubuta sharaɗin da sakaci yadda kowace rana za ta wadatar, sai ka ga B ya tashi da ƙarfe takwas ya cinye bayanan jiya ya kuma gama lafiya lau, ba ja ba ƙararrawa. Akwai kuma ayyukan da ba sa cikin shirin rana sam, faruwar wani abu ce ke tayar da su, kamar an ja kunamar bindiga: fayil ya sauka, ko an rufe wani rumbun bayanai, ko wani aiki ya ƙare. A nan abin tambaya kullum shi ne, shedular tana jin saukar fayil ɗin ne da zarar an fara rubuta shi ko sai an rufe? Da layin sadarwa irin namu da kan yanke a tsakiya, rabin fayil ya fi rashin fayil haɗari.

Akwai sashen rabon kayan aiki, ba sai na daɗe a kansa ba. Wani abin mutum ɗaya ne zai riƙe shi a lokaci guda, kamar tebur a Db2, manhajar rumbun bayanai ta IBM, da ake sake wa tsari. Wani kuma ƙidaya gare shi, kamar a ce ayyuka huɗu kacal ne za su ja tef ɗin ajiyar bayanai a tare. In ka ga aiki ya cika duk sharuɗɗansa amma ya ƙi tashi, leƙa nan kafin ka tayar da kowa daga barci. Sau da yawa wani aiki ne da ya faɗi tun ɗazu ya tafi da mabuɗin a aljihunsa.

Kafin ta miƙa JCL, shedula takan cike wasu gurabe da aka bar mata, mafi yawa kwanan wata. A Control-M za ka riƙa jin ODATE. Ranar da ake nufi ita ce ranar kasuwanci, ba wadda agogon bango ke nunawa ba. Aikin rufe littafin Litinin ko da ƙarfe uku na asubahin Talata ya tashi, na Litinin ne. Duk wanda ya rubuta shirinsa na kwamfuta, wato furogiram, yana tambayar injin kwanan wata kai tsaye ya haƙa rami, ranar da ayyuka suka makara suka tsallake sha biyun dare zai faɗa.

Abu na ukun da na ambata, abin da ya faru a zahiri, shi ne aikin kunnuwan shedula. Tunda ba ita ke gudanar da aikin ba, sai an ba ta labari. A ta IBM akwai kwantirola guda, ita ce ƙwaƙwalwar, sannan a kowane tsarin z/OS akwai tiraka. Tirakar tana da 'yan ƙananan shirye-shirye da aka maƙala a jikin JES da SMF, wato ma'ajiyar da z/OS ke rubuta tarihin duk abin da ya gudana. Aiki ya shiga layi, ya fara, mataki ya ƙare, aiki ya ƙare, kowanne sai an rubuta an aika wa kwantirola. Sauran manhajojin ma haka suke yi da nasu sunayen. In wannan hanyar ta toshe za ka ga abin mamaki: shedula ta rantse aiki yana gudana awa biyu, alhali ya gama tun tuni. Saboda haka ka saba da buɗe SDSF, allon leƙa layin JES, ka duba da idonka abin da JES ke cewa. In maganarsu ta saɓa, ta JES ce gaskiya, matsalar kuma tana wajen mai kai labari.

Da labarin ya iso sai hukunci. Kowane mataki yana fita da lamba. A al'ada 0 lafiya, 4 gargaɗi, 8 kuskure, 12 da 16 babbar ɓarna, amma al'ada ce kawai, kundin ne ke faɗin wadda za a karɓa ga kowane aiki. In kuwa shirin ya mutu a tsakiya, shi ne ABEND, kuma 'yan kaɗan ne za su riƙa maimaita kansu har ka haddace su ba ka sani ba. S0C7, an tarar da shara a gurbin da ake sa ran lamba. SB37 da 'yan'uwansa SD37 da SE37, wuri ya ƙare a faifai. S322, aiki ya cinye lokacin da aka ɗiba masa. S806, ba a ga shirin da aka kira ba. S222, wani ne ya kashe shi da hannu, sai ka nemi ko wane ne.

Sashen da na fi so ka ji tsoronsa shi ne na sake tayar da aikin da ya faɗi. Bari in ba ka abin da ya same ni ina sabon hannu. Ƙarfe uku saura na dare, ni kaɗai a ɗaki da rigar sanyi, janareto na ruri a ƙasa, shayin da na sayo a bakin titi ya riga ya huce. Wani aiki mai mataki biyar ya koma ja, S0C7 a mataki na huɗu. Na kira mai shirin, wato wanda ya rubuta furogiram ɗin, ya cire layin da ya lalace daga fayil ɗin, ya ce da muryar barci, sake shi kawai. Na sake shi daga farko. Ya gama, allo ya yi kore, har na ji daɗin kaina. Abin da ban duba ba shi ne mataki na biyu yana ƙara bayanai ne a ƙarshen wani fayil, da umarnin JCL da ake rubutawa DISP=MOD. Ya ƙara a karon farko, ya sake ƙarawa a karo na biyu. Ayyuka fiye da goma da ke bayansa duk suka ɗauki ninkin suka wuce da shi. Ba mu gane ba sai da lissafin safe ya ƙi daidaita, muka kai azahar muna warwara, oga na tsaye a bayana bai ce uffan ba, wanda ya fi zagi ciwo.

Da na ce bari in tayar daga mataki na huɗu da hannu, nan ma akwai wani ramin. Yawancin fayilolin dare GDG ne, wato fayil mai zuriya: (0) shi ne na yanzu, (-1) na gabansa, (+1) sabon da ake haifa. A cikin aiki guda, in mataki na uku ya haifi (+1), mataki na huɗu ma da (+1) zai kira shi. Amma da aikin ya mutu aka sake shigar da shi, wancan jaririn ya zama (0), mai neman (+1) kuma zai nemi abin da babu. Domin irin wannan aka yi manhajojin tayarwa: CA 11 da ke tafiya da CA 7, Control-M/Restart da tsofaffi ke kira Control-R, da sashen tayarwa da shara na ta IBM. Su ne ke duba tarihin gudun farko, su goge fayilolin da aka bari rabi da rabi, su daidaita lissafin zuriya, su nuna maka matakin da ya dace a faro. Duk da haka ba su san abin da shirin ya riga ya rubuta cikin Db2 ba. Wannan sai takardar umarnin aikin, ko mai shirin da ya farka sosai. In takardar ba ta ce ana iya maimaita aikin ba, kada ka maimaita, ko wa ya ce maka sake shi kawai. Ka sa ya rubuto.

Sauran sassan za ka koye su da hannu cikin kwana kaɗan. Akwai allon da za ka zauna a gabansa, ko na ISPF, wato allon rubutu zalla a 3270, ko na burauza; tsofaffi sun fi son na farko don ya fi sauri, ni ma haka. Akwai tsaro, RACF ko ACF2 ko Top Secret, wanda ke ba shedula izinin shigar da aiki da sunan wani mai amfani, kuma yake rubuta duk wanda ya riƙe aiki, ko ya sake shi, ko ya ce a ɗauka ya gama. Wannan na ƙarshen masu binciken kuɗi suna son tambaya a kansa, don haka duk abin da ka tilasta ka rubuta dalili da sunan wanda ya ba da izini. Akwai wakilai da ake dasawa a sabobin Linux da Windows domin sarƙa ɗaya ta ratsa menfirem ta fita waje ta dawo. Akwai kwantirolar ko-ta-kwana a wani tsarin cikin Sysplex, wato tsarukan z/OS da aka haɗa suna aiki tare, mai karɓar ragama in ta farko ta faɗi. Sai ma'ajiyar tarihi, wadda daga ita ake sanin aiki kaza minti 20 ya saba ci, a kuma lissafa doguwar sarƙar da in ɗaya daga cikinta ya makara, buɗe kanta da safe ya makara. Aiki ja da ba ya kan wannan sarƙar zai iya jiran safiya. Aiki da bai yi ja ba amma yana kanta, ya kai minti 50 maimakon 20, shi ne abin tayar da oga.

Ranar Litinin in ka je, ka nemi a nuna maka ƙarfe nawa ake ɗora shirin sabuwar rana, da agogon wace ƙasa, da kuma wanda ke da alhakin shigar da hutun Najeriya a kalanda. In aka yi shiru ana kallon juna a tambaya ta ƙarshe, ka sa Babbar Sallah mai zuwa a wayarka da tunatarwar mako guda kafin ta. Ka tafi da rigar sanyi, ɗakunan nan ba sa wasa, ka kuma baro Agege da wuri ko ka bi jirgin ƙasa zuwa Oyingbo, don wanda za ka karɓa ba zai tashi ba sai ya karanta maka jajayen da ya bari ɗaya bayan ɗaya.